Wuƙar Mamman a Taron Onarabul

Mamman mahauci ne, ɗan mahauci. Yana yanka a kasuwar Safana, ranar kasuwar Batsari kuma ya hau babur da sassafe ya je can. Gidansa yana Gidan Sada, wani ƙauye a gefen hanyar Zakka, kuma duk ƙauyen ba wanda ya kai shi son Onarabul Zainulabideen, wakilinsu a majalisa.

Kowa ya san dalili. Shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga suka tare motar da ƙanensa Nurain yake ciki a hanyar Runka, suka harbe shi tare da mutum huɗu. Mamman da kansa ya ɗauko gawar. Tun daga ranar, duk wanda ya ce zai ƙaro 'yan sintiri da babura, shi ne mutumin Mamman. Da aka zo kasafin shekara, Onarabul yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu aka rage kason makarantu da na katin asibiti da ake ba talakawa, aka ƙara wa tsaro. Mamman ya ce haka ake son namiji.

Yayan matarsa, Malam Abdurrahim, shi ne hedimastan firamaren ƙauyen, kuma shi bai ga haka ba. Kusan kullum bayan la'asar sai sun taɓa.

"Malam, mai rai ke karatu," in ji Mamman. "Mai rai ke zuwa asibiti. A fara tsare ran tukuna."

"Ban ƙi ba, Mamman. Amma waɗannan da ke daji da bindiga, wane aji suka taɓa shiga? Tun bara iska ta yaye mana rufin aji uku. Malamai biyu gare ni. In hadari ya taso sai in kori yara gida. Nan da shekara goma wa kake jin zai riƙe maka bindigar?"

"Kai dai Malam ba ka ɗauki gawar ƙanenka ba."

Nan Malam yakan bar maganar, don ya san ciwon bai warke ba.

Ana cikin kaka, an fara yankan gero, aka yi shela cewa Onarabul zai zo ranar Asabar ya gana da jama'a a filin makaranta. Mamman ya ce shi zai yi wa baƙi gashi. Ya yanka rago, ya haɗa wuta a gindin darbejiya a bakin filin, ya jera wuƙaƙensa a kan tebur.

Bayan azahar motoci uku suka iso. Ta ƙarshe a-kori-kura ce cike da kauraye, 'yan daban da ake ɗaukowa daga birni, kowa da gora. Shugabansu wani ƙato ne da ake kira Jinjiri, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar aji. Suka kewaye rumfar, suna ture mutane da gefen gora.

Onarabul ya yi magana mai tsawo, kuma ba a ce ya yi ƙarya duka ba. Ya lissafa ƙauyukan da suka koma gona bana saboda 'yan sintiri. Ya ce tukunya ɗaya ce, in an ƙara wa wani kwano dole wani ya ragu. Mamman daga wurin wuta ya ɗaga tsinke yana cewa, "Sai ka yi!"

Da aka ba jama'a dama, wata tsohuwa ta miƙe daga cikin mata. Inna Asama'u ce, wadda ta yi gudun hijira daga wajen Runka take zaune a gidan ɗan'uwanta. Ta karɓi abin magana da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da wani kati da ya fara koɗewa.

"Ranka ya daɗe, wannan katin 'yata Saude ne. Kai ka raba mana shi a wannan fili. Da azumi ta haihu, jini ya ɓalle. Muka kai ta asibiti a gari, aka duba aka ce an cire sunanta. Kafin mu yi buga-buga a karɓe ta, ta cika a kan benci. Jaririn yana wurina. Na zo in ji, wa ya cire ta, kuma me ta yi?"

Onarabul ya gyara hula, ya yi wata 'yar dariya.

"Tsohuwa, ni ba likita ba ne. In ajali ya zo, ko kati goma gare ki ba ya hanawa. Ki gaya mini gaskiya, wa ya turo ki? Na san akwatinku, ba ni kuka zaɓa ba. Yanzu kuma kin zo kina yi mini kuka a gaban mutane."

"Ɗana, na haifi wanda ya girme ka," in ji ta. "Ba wanda ya turo ni."

"Ku zaunar da ita."

Jinjiri ya taka ya fizge abin maganar, ya sa tafin hannu a ƙirjinta ya tura. Ta yi baya ta faɗa kan bencin yara, bencin ya kife da ita. Har inda Mamman yake an ji ƙarar ƙashi. Mata suka sa salati.

Malam Abdurrahim ne ya fara isa. Ya tsaya tsakanin tsohuwar da Jinjiri, ya juya wajen rumfa.

"Ranka ya daɗe, a filin makarantata ba a dukan uwa. Ka tsawata wa yaranka, ka ba ta haƙuri."

Bai rufe baki ba gora ta sauka a kafaɗarsa. Ta biyu ta same shi a fuska, tabaransa ya tarwatse. Ya durƙusa, mutum uku suka rufe shi da duka. Sai samarin ƙauye suka yi kan kaurayen. Wani ya ɓalle ƙafar benci, wasu suka kwashi tubalan ajin da ya rushe suna jifa. Kujerun roba suna tashi sama. Wani manomi da ya zo daga gona da lauje ya kai wa ɗaya daga cikin kaurayen sara a cinya. Aka tattake wani dattijo a bakin rumfa, yana kiran sunan Allah ba mai jin sa.

Mamman ya tsaya kamar an dasa shi. Yana ganin Onarabul a tsaye, yana jira ya ji ya ce a bari. Bai ce ba. Juyawa ya yi masu tsaronsa suka tura shi mota.

Ta tsakanin ƙafafun mutane Mamman ya hango Malam a ƙasa, jini ya rufe masa rabin fuska, Jinjiri a kansa ya ɗaga gora da hannu biyu yana saitin ƙeya. Wuƙar fiɗa tana hannun Mamman, bai ajiye ta ba. Ya kutsa da gudu, ya ture mutum biyu, ya kai sara a hannun da ke sama. Wuƙar ta shiga ƙasa da gwiwar hannu har ta taɓa ƙashi. Gorar ta faɗi. Jinjiri ya kurma ihu, jini ya yi tsiri ya wanke rigar Mamman.

Wani mai tsaro ya harba bindiga sama sau uku. Jama'a suka watse, ana faɗuwa ana tashi. Motocin suka fita a guje, tubali ya farfasa gilashin ta baya. A-kori-kurar ta tafi da waɗanda suka iya hawa, ta bar Jinjiri kwance a fili.

Samari suka dawo kansa da sanduna. Wani ya ce a kawo fetur.

"Wanda ya taɓa shi sai ya bi ta kaina," in ji Mamman, wuƙar na nan a hannunsa.

Da suka ga idonsa, suka ja baya. Ya jefar da wuƙar, ya durƙusa. Shekara talatin yana aiki da jini, ya san wanda ke tsayawa da kansa da wanda ke kashewa. Ya kwance igiyar da ya ɗaure ragon da ita, ya ɗaure hannun Jinjiri sama da saran, ya sa tsinke ya murɗa har jinin ya tsaya. Jinjiri yana kallonsa, leɓensa ya yi fari.

"Kai ka sare ni."

"Ni ne. Rufe bakinka, kada ka suma."

Ɗakin shan maganin ƙauyen ba bandeji, ba zaren ɗinki. Malama Sadiqa da ke kula da shi ta yage mayafinta ta naɗe wa Malam kai, ta ce a wuce da su gari tun rana ba ta faɗi ba, don bayan magariba ba mai bin hanyar. Aka samu motar da ta zo ɗaukar gero, aka shimfiɗa su uku a kan buhuna: tsohuwar, hedimastan, da wanda ya dake su. Mamman ya zauna a tsakiya, hannu ɗaya riƙe da igiyar, ɗaya tallafe da kan surukinsa.

A hanya Malam ya farfaɗo.

"Mamman, ba na gani da na hagu."

"Jini ne, Malam. Za a wanke."

Ba jini ba ne. Gilashin tabarau ya shiga idon, kuma ba a iya ceto shi ba. Jinjiri ya rayu, amma hannun ya shanye. Inna Asama'u ƙugunta ya karye.

A ƙofar asibiti aka kama Mamman. Washegari Onarabul ya shiga rediyo ya ce 'yan adawa ne suka yi hayar mahauta su kashe shi. Mamman ya ji wannan a tsare, daga rediyon wani mai gadi. Ranar bai iya cin abincin da matarsa Ramlat ta kawo ba. Wata huɗu ya yi kafin dattawan ƙauye su samu a sake shi.

Ya dawo ya tarar an mayar da Malam wata makaranta can bayan Batsari. Kafin ya shiga gidansa sai da ya biya ya gaida Inna Asama'u. Tana kwance a kan tabarma, jikanta yana rarrafe a gefenta. Ba ta ƙara takawa ba tun ranar.

"Inna, ya jiki?"

"Da godiya. An sako ka?"

"An sako ni. Inna, ni na yi ta tara masa mutane a garin nan. Ki yafe mini."

"Kai me ka yi? Kai ma naka aka kashe." "Har yanzu kana ganin gara bindiga da asibiti?"

Mamman ya durƙusa a gefen tabarmar.

"Wallahi Inna, in na ce miki na daina tsoron hanyar Runka na yi ƙarya. Ina son 'yan sintirin nan. Amma da Onarabul ya ce miki Allah ya jiƙan Saude, ko da shi kaɗai ya faɗa, da ba a kai nan ba."

Ta gyaɗa kai. Sai ta ce ya ɗaga mata yaron, ya kusa kaiwa murhu. Mamman ya ɗauke shi ya zaunar a cinyarsa, ya zauna tare da su har aka kira la'asar.