Ranar da Bakhit ya kai taguwarsa kwari

"Baban Suhail, ka hau motar nan don girman Allah!"

Tuful ce ke ihu daga bayan motar da aka turo ta kwashe mu zuwa makarantar kan tudu, bayan rediyo ya sanar cewa guguwa na tafe. Mijinta Bakhit, maƙwabcinmu, yana tsaye a ƙofar gida, iska na fizgar zanensa.

"Guguwa a wannan watan?" ya ce. "Taurarin iska sun faɗi tun kwana arba'in. An mai da jirage ruwa, an fara shanyar kifi. Shi mai rediyon ya taɓa shiga teku?"

"To buɗe ido ka dubi tekun mana," na ce.

"Ke Galiya, bakinki ya fi guguwar."

Amma ya duba. Ruwa ya riga ya cinye rairayin da muke shanya kifi, yana lasar katangar masallaci. Ya waiwaya inda raƙumarsa take ɗaure, ya ce:

"Bari in kai taguwar cikin kwari in ɗaure ta a kogo. Ku je, ina nan tafe."

Haka iyayenmu ke yi. In teku ya fusata, a kora dabbobi cikin kwari, a ba ruwa baya. Ba wanda ya hana shi. Ni ma, da duk bakina, ban ce uffan ba, kuma abin yana cina har yau. Dukanmu teku muke tsoro.

Teku ya kwashe jirage da rufin gidaje, bai taɓa ran kowa ba. Ruwan sama ne ya yini yana zuba a kan duwatsu. Kwarin da na sani busasshe tun ina yarinya ya cika da ruwa, ya taso da itatuwa da duwatsu kamar ɗakuna.

Rana ta uku aka tono Bakhit daga laka a bakin kwarin. Maza duk suka tafi maƙabarta da shi, mu mata muka zauna da Tuful a tsakar gidan da ba rufi.

Sai ga taguwar. Ta shigo tana ɗingishi, guntun igiya a wuyanta, yankan wuƙa. Ta tsaya tana kuka, hantsarta ta cika har tana ɗiga. A wurinmu mace ba ta tatsar raƙuma.

Tuful ta miƙe, ta ciro kwanon tatsa daga cikin laka, ta wanke shi tas. Ta tsaya kusa da taguwar riƙe da kwanon, tana duban hanya.