Akwatin Ƙarfe Don Hutun Sati Uku

Tun ranar Laraba Magdalena take haɗa wa 'yarta Becky kayan tafiya hutu, amma har safiyar Asabar jakar ba ta rufu ba. Sai ta ninke riga ta saka, ta tsaya ta zuba mata ido, ta sake cirewa. Idan ta cika jakar, kamar ta ce wa dangin mijinta ne su riƙe yarinyar. Idan kuma ta rage, sanyin Bukur na damina ya kama ta, ga shi Becky sikila ce, sanyi kwantar da ita yake yi warwas.

Bara mijinta Dung ya rasu a haɗarin mota. Ranar da aka binne shi a ƙauyensu, can bayan Bukur, aka zaunar da ita gaban fasto da dattawan gida, ta yi alkawari da bakinta cewa duk dogon hutu yarinyar za ta zo gida ta yi sati uku. A lokacin ko hannunta aka ce ta yanke ta bayar za ta amsa, don dai a bar ta ta koma Dutse da 'yarta. To ga hutun ya zo. Ta nemi hutun aiki a sakatariya inda take buga takardu, aka ce ta jira sai Oktoba, mutum biyu sun riga ta.

Tana durƙushe a tsakar ɗaki Inna Gaji ta yi sallama. Matar Malam Ahmadu ce, mai makarantar allon da ke jikin katangarsu a Yalwawa. Shekara tara suna ɗibar ruwa a famfo ɗaya.

"Maman Becky, ga dabino a kai wa tsohuwa surukarki. Ki ce mata na Dutse ne, kada ta haɗa shi da busasshen nan na tasha." Sai idonta ya faɗa kan tabarma. "Wannan kuma fa? Kin koma tallar barkono ne?"

Ƙananan ƙullin leda ne a jere, kowanne da ƙwaya biyu a ciki, ta ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓi.

"Maganinta ne, Inna. Ashirin da ɗaya, kowace rana ɗaya. Ranar da ya ƙare dole su dawo mini da ita."

"Dole?"

"To ya za su yi?"

Gaji ta zauna a bakin gado, ta gyara mayafi. "Ke dai Allah ya ba ki wayon ofis, na gida ne ya tsallake ki. Can garin babu kemis ne?"

Becky ta shigo da gudu riƙe da takalmin coci, an yi mata sabon kitso. Shekararta sha ɗaya, bana ta gama firamare, kuma sati biyu ke nan ba ta da zance sai na duwatsun garinsu da 'yan'uwan da za ta gani. Ta durƙusa ta gaida Gaji, sannan ta tsaya kan ƙullin ledar tana ƙirgawa da yatsa.

"Mama, in ya ƙare kuma mota ba ta samu ba fa? Sai in zauna haka?"

Maganar ta soki Magdalena har ƙahon zuciya. Ta tashi ta ɗauko kwalaben maganin biyu daga kan kabad, ta cusa su a gefen jakar ba tare da ta dubi kowa ba.

Wajen ƙarfe goma motar Asher ta tsaya a ƙofar gida. Yayan marigayi ne, dattijon coci, mutum mai sanyin murya wanda ba a taɓa jin ya yi wa wani tsawa ba, kuma ba a taɓa ganin ya fasa abin da ya yi niyya ba. Ya kwana a gidan wani ɗan garinsu a cikin Dutse. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya sha ruwa, ya yi addu'a doguwa. Sai ya dubi jakar, ya girgiza kai.

"Haba matarmu, wannan jakar a damina? Ruwa ɗaya ya ishe ta. Na zo mata da abin da ya fi."

Ya fita, ya dawo yana jan akwatin ƙarfe baƙi, sabo fil, an rubuta BECKY DUNG a jikinsa da farin fenti. Becky ta daka tsalle ta rungume shi tana cewa, "Baba Babba, nawa ne?"

Magdalena kuwa ta ƙura wa akwatin ido. Ita ma makarantar kwana ta yi, ta san irin akwatin nan tun daga ƙarar hannunsa. Babu wanda ke sayen akwatin ƙarfe, har ya kai wa mai fenti, don hutun sati uku. Ta ja akwatin cikin ɗaki, ta ɗaga murfin. A kusurwa ga ɗan kwaɗo da makulli biyu a ɗaure da zare. A cikin murfin kuma an liƙa wata takarda, mai yiwuwa matar Asher ce ta liƙa don kada a manta da komai: bokiti, fitila, fatanya, zanen gado biyu, farin takalmin kambas. An ja layi a kan rabinsu, alamar an saya. Daga ƙasa ga ranar da sababbin ɗalibai za su shiga, cikin watan Satumba.

Ta karanta sau biyu. Abin da ya faɗo mata shi ne ƙararrawar asuba, da layin yara a bakin rijiya, da ruwan da yake yanka fata kamar reza. Ita da take da lafiya ma kuka take yi a lokacin.

"Inna, ki ja Becky gidanku ta yi wa Malam sallama."

Gaji ta leƙa takardar. Ba ta karanta boko, amma ta karanta fuskar maƙwabciyarta. Ta kama hannun yarinyar suka fita.

Magdalena ta ɓare takardar, ta fito ta durƙusa gaban Asher, ta ajiye masa ita a gwiwa.

"Baban Kingsley," ta kira shi da sunan ɗansa, "hutu aka ce mini."

Bai ko ruɗe ba. Ya ninke takardar ya saka a aljihu. "Da niyyata in mun isa in kira ki, mu yi magana a tsanake. Gida ya zauna, matarmu. Yarinyar nan ko gaisuwa ba ta iya ba da yarenmu. Ita kaɗai Dung ya bari. Makarantar coci ce, tafiyar minti ashirin daga gidana, kowace Lahadi za mu leƙa ta."

"Kowace Lahadi." Ta ɗago kai ta dube shi. "In ciwon ya tashi ranar Litinin fa? Kun san yadda yake farawa? Ba ta faɗa, ɓoyewa take yi don kada a hana ta wasa. Sai ka duba farin idonta. Sai ka ga tana tafiya tana dafa bango kamar wasa take yi. Kun san gora nawa na ruwa take sha a yini? Kun san irin jininta, in an ce a ƙara mata yanzu-yanzu?"

"Akwai nas a makarantar."

"Irin jininta na tambaye ku, Baban Kingsley."

Ya dubi agogonsa. "Ki rubuta duka a takarda, a saka a akwatin."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta yagi takarda daga tsohon littafin Becky, ta fara rubutawa da gaske, don ta rasa abin da za ta yi da hannunta. Kada ta yi wanka da ruwan sanyi. Kada ruwan sama ya taɓa ta. In ta ce ƙafa, a gasa da tawul mai ɗumi, kada a murza da ƙarfi. In ta yi shiru a wajen cin abinci... Nan biro ya tsaya. Ya za ta rubuta bambancin shirun fushi da shirun ciwo? Shekara sha ɗaya ta yi tana koyon wannan a bakin gadon asibiti.

Ta yi tunanin ta rufe ƙofa kawai ta ce babu inda za ta. Amma ita ce za ta zama wadda ta fara karya alkawarin da aka yi gaban fasto, kuma ta san abin da zai biyo baya. Za su dawo su biyar, da wasiƙar coci, wannan karon babu zancen hutu.

Gaji ta dawo ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofa. "Me ya ce?"

"Sun gama shawara tun kafin ya taso."

"To ke me kika ce?"

Magdalena ta zazzage jakar Becky a kan gado. Ta jawo babbar jakar bakko daga ƙarƙashin gadon, ta buɗe kabad, ta shiga kwaso zannuwanta. Zanenta ɗaya, rigar Becky ɗaya, rigar sanyinta, safar Becky, haka ta riƙa cusa su a cakuɗe, ko ninki babu. Katin asibiti da takardar haihuwar yarinyar kuwa ta saka su a lalita, ta ɗaure a ƙugu, ta ja zane ta rufe.

"Aikin fa?" in ji Gaji a hankali. "Jibi Litinin."

"Su ba wani kujerar."

"Ke Maman Becky, da bakinki kike faɗin haka? Me za ku ci?"

"Inna, ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu ta ci gaba da danna kaya. "Ga makullin ɗaki. Kajin nan ki riƙa watsa musu tsaba."

Ta kinkimo bakkon ta fito. Asher yana tsaye jikin mota, Becky ta riga ta shige baya tana ɗaga wa yaran unguwa hannu. Ya dubi jakar, ya dubi takalmin da ke ƙafar Magdalena.

"Ina kayan yarinyar?"

"Ga su nan tare da nawa. Jaka ɗaya ce."

"Ba a shirya da ke ba, matarmu. Motar ma gaba da baya buhunan shinkafa ne, wurin mutum ɗaya ya rage."

"Zan ɗora ta a cinya."

"Har Bukur?"

"Wata tara na ɗauke ta, Baban Kingsley."

Ya sake duban bakkon. Sannan ya shiga gidan da kansa, ya fito da akwatin ƙarfen babu komai a ciki, ya ɗaure shi a saman mota da igiya, ya ja ƙullin sosai. Magdalena tana kallo. Ta shiga ta matse tsakanin ƙofa da buhu, ta jawo Becky jikinta.

"Mama, ke ma hutun za ki?" in ji yarinyar, murna ta cika ta.

"Ni ma."

Sai da suka bar Dutse, suka ɗauki hanyar Birnin Kudu, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, sannan Asher ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Gobe bayan sujada dattawa za su sake zama. Amma kin san mata ba sa shiga wannan zaman."

Magdalena ta miƙa hannu ta murɗa gilashin tagar ya hau sama, don iskar ruwan ta fara bugun wuyan yarinyar.

"Na sani," ta ce. "A bakin ƙofa zan tsaya. Muryata tana kaiwa."