Shinkafar Mutum Biyu

"Ba ma dafa wa mutum ɗaya paella, Don Eusebio," in ji Encarna mai gidan abincin, tana goge hannu da tsumma. "Daga mutum biyu ake farawa. Haka na tarar mahaifina yana yi."

Eusebio ya dangwarar da hularsa a kan tebur. Shekara da shekaru shi da matarsa Milagros suna cin paella ɗin nan, wato dafa-dukan shinkafa a kasko, a teburin bakin taga duk ranar Lahadi. Yau da ya daure ya fito, karon farko tun rasuwarta, sai ga wata doka da bai taɓa jin labarinta ba. To ina zai ji, tunda bai taɓa zuwa shi ɗaya ba?

"Akwai romon kifi mai zafi," ta ce a hankali.

"Na ce miki mura nake yi? Shinkafa na zo ci."

"To ka kira 'yarka mana. Bai kamata ka zauna kai kaɗai ba."

Maganar da ta ishe shi ke nan. 'Yarsa, likitansa, har mai sayar da burodi, kowa sai ya karkatar da kai yana yi masa kallon maraya. Ya rantse yau sai ya nuna musu lafiyarsa ƙalau.

"Encarna, ni ba kaɗaici ke damuna ba. Mutum ɗaya ne ni kawai, kuma ba ciwo ba ne. Dafa ta mutum biyun. Ina ruwanki da wanda zai ci?"

"Cikinka zai fashe, tsoho," wani ya ce daga teburin baya.

Fermín ne, maƙwabcinsa na bene na sama, wanda ruwan furanninsa ke ɗiga a kan shanyar Eusebio. Sun daɗe ba sa ga-maciji. Yana zaune shi da ɗan kofin kofi tun ɗazu.

"In ya fashe ba kai za ka share ba," in ji Eusebio, ko waiwayowa bai yi ba.

Da aka jima aka dire masa faffaɗan kasko yana tururi, ga kaza, ga zomo, ga koren wake. Ya ɗauki cokali ya fara daga bakin kaskon ta gefensa, yana ci yana matsawa tsakiya kamar kullum. Ta yi daɗi, abin haushi. Yana ci yana hararar duk wanda ya kalle shi.

Sai cokalin ya tsaya. Ya iso tsakiya, ya bar layi miƙe sambal, ɗaya rabin kuwa ko ƙwaya bai taɓa ba. A can gefen ga tsokokin zomo a jere, waɗanda hannunsa ya riƙa turawa bai sani ba. Milagros ce mai son zomo.

Ya so ya tsallaka layin, hannun ya ƙi. Kewarta ta kama shi har ya ji kunyar ɗaga kai.

"Encarna!" ya ƙwala kira da dusasshiyar murya. "Ƙaro cokali!"

Ya juya ya dubi Fermín. "Kai, mai jiƙa wa mutane kaya. Taso."

"Au, na ɗauka ba ka bukatar kowa."

"Ba na bukata. Shinkafar ce ke hucewa."

Fermín ya taso yana murmushin mugunta, ya kama kujerar da ke fuskantar taga, wadda Milagros ta saba zama a kai, zai ja.

"Ba wannan ba," in ji Eusebio. "Jawo taka."