Igiyar Zauren Abarshi

A bakin dajin Kakangi akwai wani zaure da ake kira zauren makafi. Malam Abarshi ne ya kafa shi, bayan ciwon nan da ke bin mazauna bakin rafi ya cinye masa gani. Daga Damari har Kutemeshi iyaye kan kawo masa 'ya'yansu marasa ido. Da safe karatu da ka, da hantsi tufkar igiyar rama. Zamanin hari ne, amma mahara ba sa taɓa zauren. Makaho ba ya sayuwa a kasuwar bayi.

Ran nan ana cikin tufka Abarshi ya ji gudu, sawun babba da na yaro.

"Baba Malam, ni ce Furera, matar marigayi Ƙasimu. Mahara sun shigo gonaki. Ga 'yata Huseina, ka sa ta cikin yaranka."

"Huseina ai tana gani."

"Ni da kai muka sani."

"In suka gane fa? Wuta za su cinna mana, har yaran."

"To ka miƙa musu ita da hannunka."

Kafin ya buɗe baki ta fice. Ya ji ta nufi daji.

Ya laluba ya kamo hannun yarinyar. Sanyi ƙalau. Ya zaunar da ita kusa da shi, ya ɗora mata rama a cinya.

"Saurara, jikata. Kada ki rufe ido, makaho ba ya rufe ido. Kada ki dubi hannunki. Ɗaga haɓa. In an yi magana, kunne za ki juya, ba fuska ba. Kome ya tsaya a gabanki, ba ki gan shi ba."

Sauran yaran sun dakata da aiki. Ya daka musu tsawa su ci gaba da murza.

Ba a jima ba kofato ya cika fili. Bayan dawakin akwai wasu sawu, na mutanen da ake korowa. Wani ya tsaya a bakin ƙofa, warin zufa da hayaƙi ya riga shi shiga.

"Sarkin tufka, kana lafiya? Igiyarmu ta ƙare. Kasuwa ta yi albarka yau."

Ba yau Abarshi ya fara ba su ba. Da igiya yake sayen zaman lafiyar zauren, kuma bai taɓa gaya wa yaran abin da ake ɗaurewa da ita ba.

"Tana lungu, ranka ya daɗe. A ɗiba."

Sai wata mace ta yi tari a waje, cikin waɗanda aka kamo. Ya san tarin. Furera ba ta kai daji ba. A gefensa numfashin Huseina ya tsaya cak.

Sawun mutumin ya matso.

"Wannan fa? Idonta garau kamar na barewa."

"Ba kowane buɗaɗɗen ido ke gani ba. Zazzaɓi ya wanke shi bara."

"Haka ne? To ita za ta kawo mini igiyar."

Abarshi ya ji ta miƙe. Ya ji tafinta yana shafar bango, ƙafarta ta bugi tulin rama, ta yi tangaɗi. Ta ja igiya har bakin ƙofa.

"Kai, ku jawo mini waccan mai tarin," in ji mutumin. "Ke 'yar makaranta, ɗaure mata hannu. Mu ga abin da tsoho ke koya muku."

Doki ya yi firji. Wani ƙuda yana ta zagaya kan Abarshi, bai iya ɗaga hannu ya kore shi ba. Can ya ji igiya tana gogar fata, a hankali, a hankali. Sai wani ɗan sauti ya taso daga maƙogwaron yarinyar, irin wanda kan rigayi kuka.

Furera ta rufe shi da ihu.

"Ke makauniyar banza, za ki karya ni ne? 'Yar wace ce wannan? Uwar da ta haife ki ta yi asara! Ku janye mini ita, wari take yi!"

Mahara suka tuntsire da dariya. Wani ya ce ga baiwa mai zaɓen wanda zai ɗaure ta. Babbansu ya ture yarinyar cikin zaure, ta faɗi a kan ƙafafun Abarshi.

"Ƙullinta bai da kyau, tsoho. A ƙara mata karatu."

Suka kwashe sauran igiyar. Sawun ya yi ta nisa, na dawaki a gaba, na mutane a baya. Furera ba ta ƙara tari ba.

Huseina ta tashi zaune, haɓarta a sama. Ya shafa fuskarta, ta jiƙe sharkaf.

"Malam," ta ce da raɗa, "in leƙa?"

Ya kasa kunne wajen daji. Akwai doki ɗaya da bai tafi ba.

"Tukuna. Murza."