Ƙirjin da Ke Zauren Taro

Ba kai, ba hannu, ba ƙafa. Ƙirjin mace ne kawai, fari fat, an zuba shi da farin simintin da ake yin silin. Nono ɗaya. A gurbin ɗayan, tabon ɗinki ne ya miƙe har hammata.

Dauda mai walda ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa. An kira shi ne ya haɗa tebura a wani zauren taro na gwamnati a Sabon Tasha, inda za a nuna wa jama'a siffofin jikin mutane: bayan ɗan dako, hannun mai wanki, cikin mai jego. Duk ba su dame shi ba. Wannan ne ya tsayar da shi, domin a ƙasan haƙarƙarin akwai tabon ƙuna, daidai inda man ƙosai ya taɓa fallatsar wa matarsa Saratu.

"Oga Dauda, ka yi budurwa ke nan?" in ji Ekene mai haɗa wuta, daga kan tsani. "Ka nemi ragi fa, fitila ɗaya ce ke aiki."

Masu fenti suka fashe da dariya. Hannun Dauda ya dunƙule. Amma in ya naushi Ekene, kowa ya gane ƙirjin wace ce. A cocinsu ba wanda ya san an yanke wa Saratu nono; tsumma take cusawa a riga. Ya saki hannun.

Ya sami Damaris, matashiyar da ta zuba siffofin, tana goge teburi.

"Ki sauke wancan."

"Baba, mai shi da ƙafarta ta zo. Kuma ba suna a jiki."

"Na ce ki sauke."

"In ta ce a sauke, zan sauke. Kai mene ne naka a ciki?"

Ya juya ya koma kan aikinsa.

Da yamma ya tarar da Saratu a bakin titi a Kamazou, gaban kaskonta. Sai da masu saye suka watse ya matso.

"Kin tuɓe wa yarinya ta shafa miki siminti?"

"Na tuɓe."

"Gobe matan zumuntar cocinmu za su je wurin. Ba ki tsoron bakinsu?"

Ta juya ƙosan da ke cikin mai. "Tun da aka sallame ni daga asibiti, in zan canza riga, bango kake kallo. Ita ta kalla. Har ta tambaye ni ko wurin yana min ciwo."

"Don kada ki ji nauyi nake kau da kai."

"Ka taɓa tambayata?"

Washegari zauren ya cika. Matan zumunta suka shigo cikin ankonsu, Saratu a tsakiyarsu. Shugabarsu, Mama Jemimah, ta tsaya gaban ƙirjin ta dafe baki. Sai ta zare mayafinta ta lulluɓe shi.

"Ko wace ce, 'yar mutane ce," ta ce. "Gawa ma rufe ta ake yi."

"Gaskiya ne, Mama," in ji matan.

Saratu kuwa mijinta take kallo, yana tsaye jikin ƙofa.

Dauda ya ratsa mutane. Ya ɗage mayafin, ya ninke shi, ya miƙa wa mai shi. Sannan ya tsaya ya dubi tabon, tun daga farkonsa har ƙarshensa.

"Mama, ba ta mutu ba."

Kowa ya juyo ya dube shi. Ekene ma ya daina taunar cingam.

"Ka san ta ne, Dauda?" in ji Mama Jemimah.

Ya waiwaya. Saratu ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma yi masa alamar komai ba. Jira take yi, kamar kowa.