Awarwaron Gishiri

Shekara talatin da biyu Inna Safiyyatu tana girki a gidan mijinta Malam Zakari a Illela, kuma kowa ya san miyarta: wata rana zuma, wata rana gishiri kamar an kwaso shi daga Balma. Ita kuwa ta rantse sau ɗaya take zubawa. An yi ruƙiyya, an yi turare, an kai ta Amarawa wajen mai magani. Ta dai ci gaba da farkawa tsakar gida da ludayi a hannu, ba ta san yadda aka yi hantsi ya zama azahar ba.

Sai da ta haura hamsin wata likitar ƙwaƙwalwa a Sakkwato ta zauna da ita wata da watanni, sannan ta ce ba aljanu ba ne. Wani firgici ne tun tana ƙarama ya raba hankalinta gida biyu don ta iya rayuwa. Ɗayar, mai surutu da dariya, ita ce ke kiran kanta Hindatu. Idan ta fito, Safiyyatu ba ta tuna komai.

Ta yi kuka a mota suna komawa gida ita da Malam. Kafin su kai Gwadabawa kuma dariya ta kama ta.

"Malam, ashe mu biyu muke sa gishirin."

"Na daɗe da zato," in ji shi.

Matsalar ta zo da bikin sunan jikanta. 'Yarta Hamdiyya ta ce, "Inna, ki huta, mu za mu yi miyar."

"Mi ya sa?"

Hamdiyya ta dubi ƙasa. Safiyyatu ta gane. In aka karɓe tukunyar yau, an karɓe ta ke nan, za a mai da ita marar lafiya a bakin tabarma.

Ta shiga ɗaki da wayarta. Likita ta taɓa cewa ta gwada bar wa Hindatu saƙon murya. Ta danna, kunya kamar tana gaban surukai.

"Hindatu, ni ce Safiyyatu. Don Allah wadda ta sa gishiri ta mai da awarwaronmu daga hannun dama zuwa hagu."

Bayan kwana biyu ta tarar da amsa. Muryarta ce, amma da wani rangwaɗa da ba ta san tana da shi ba.

"To, Hajiya, sai yau kinka gaishe ni? Na yarda. Amma ki sani ke ce mai ƙarawa, hannuna daidai yake."

Sau huɗu ta saurara.

Ranar suna ta ɗora babbar tukunya da kanta. Ta tuna tana yanka albasa. Sai ta ga kanta bakin murhu, miya tana tafasa, mata suna ta dariyar wani labari da ba ta ji ba. Ta kai hannu kwanon gishiri, ta tsaya. Awarwaro yana hagu. Ta rufe kwanon.

Hamdiyya ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa, ta mayar mata da ludayin.

Da la'asar Malam ya leƙo daga zaure da kwanonsa.

"Uwar Hamdiyya, miyar ga ba ta ji gishiri ba."

"Harshenka ne munka ɓata, Malam."

"Ku biyu?"

"Mu biyu. Ga kwano can, ka sa da kanka."