Kwamin da Baba Ya Auna wa Umma

Mu a gidanmu ba a sayen abu sai an auna shi, saboda Baba tela ne. Katifa, labule, tabarma, ko tukunya ce in ka ba shi dama sai ya zagaye ta da tef. Ni ne auta, ni kaɗai na gudu daga keken ɗinki na koma gyaran waya a bakin titi. A gida Rediyo suke ce min, wai an manta ba a sa min abin kashewa ba.

Maganar ta taso ne lokacin da Umma ta kwanta asibiti. Ƙugu ne da gwiwoyi, sun daɗe suna cinta tana ɓoyewa, sai ranar da ta tsuguna wanka ta kasa miƙewa sannan muka sani. Da aka kusa sallamarta, likita ya ce ita da tsugunno sun rabu, kuma kullum ta riƙa zama cikin ruwan ɗumi tana miƙe ƙafa. Yaya, babbarmu, tana jin haka ta yanke hukunci a tsaye, ko zama ba ta yi ba. Ta ce Umma gidanta za ta wuce, tunda can akwai kwamin wanka, mu kuwa banɗakinmu bokiti ne da moɗa da wata kujerar roba mai rawa. Yaya in ta yi magana, mijinta ma “haka ne” kawai yake cewa. Har ɗaki ta ware, wai Umma ta zauna sai ta warke sarai. Kowa kuma ya san gwiwar tsufa ba ta warkewa sarai. Wato dai in Umma ta shiga gidan nan, ta shiga ke nan.

Baba ya koma shagonsa na ƙofar gida kamar ba komai. Amma ni da nake kwana gida ɗaya da shi na ga abin da ba su gani ba. Sai ya zauna kan keke, ƙafa a kan feda, bai taka ba. Shayi ya huce a gabansa. Da ya tashi yin aikin ma, ya ɗinke wa wani kwastoma bakin aljihu ruf, mutumin ya dawo yana tambaya ko sabon yayi ne. Na ce Baba, in kewa ce ka faɗa, ba wanda zai kai ka ƙara. Ya harare ni ta saman tabarau, ya ce in tashi masa daga haske. Can da na kai bakin ƙofa sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Rediyo, wannan kwamin wankan, a ina ake sayar da shi?”

Na ce gobe ma mu je. Ya ce a'a, sai ya yi awo tukuna.

Na ɗauka banɗaki zai auna. Ya auna shi kuwa, bango zuwa bango. Ashe wannan somin-taɓi ne. Da yamma muka je dubiya, Umma na kishingiɗe a gado, sai Baba ya zare tef daga wuya, ya ce riga zai ɗinka mata ta komawa gida. Ya auna kafaɗa, ya auna ƙugu. Sannan ya ce ta miƙe ƙafa, ya ɗora tef daga gadon baya har diddige. Tsohuwar da ke gadon kusa ta fara salati, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Umma ta dube shi ta ce, “Malam, riga ce ko likkafani?”

Ya ce ta daina irin wannan wasan. Ni kam na fita baranda na yi dariyata ta ishe ni, har wata nas ta ce in tuna nan asibiti ne.

Washegari muka tafi layin masu kayan banɗaki. Shagon dogo ne, an jera kwamaye farare tas, wasu a jingine da bango, wasu a kwance. Mai shagon ya taso da zaƙin baki, yana nuna mana wani mai fitar da kumfa, wani mai fitila a ciki. Na ce masa wanka za a yi, ba biki ba. Baba ko sauraronsa bai yi ba. Ya durƙusa yana bin kowanne da tef, ta ciki yake aunawa, ba ta waje ba, yana ƙara ɗan sarari kamar yadda yake bar wa riga. Wanda ya kusa yi sai ya ce in shiga. Na tuɓe takalmi na shiga na miƙe, na harɗe hannu a ƙeya, na ce wa yaran shagon su kawo min tawul da lemo. Baba ya buge min gwiwa, ya ce in zauna kamar mai ciwo. Na ɓata fuska na yi nishi, ya ce ya isa haka.

Wani ya yi santsi, wani gefensa ya yi tsayi, wani bayansa a tsaye yake ƙyam, ba wurin jingina. A ƙarshe muka dace da wani mai faɗi da zurfi, ƙasansa da ɗan kaushi, bayansa a kwance kaɗan, har da wurin ɗora hannu. Baba ya shafa shi kamar yana taɓa yadi mai kyau, ya gyaɗa kai. A hanya ya ja min kunne, kada Yaya ta ji, kada Umma ta ji. Ka ji fa, Rediyo aka ba ajiyar sirri. Duk kiran da Yaya ta yi min a kwanakin nan sai in ce sabis ba kyau.

Motar kaya ta sauke mana shi a tsakar gida, muka kira mai famfo na unguwa, wani dogon mutum mai sanyin magana da tsinken sakace a baki. Ni da shi muka kama, muka bi ɗan lungun da ke kai wa banɗaki, Baba na gaba yana ba da umarni. Muka zo ƙofa, kwami ya ce nan ya tsaya.

Ƙofar banɗakinmu dama siririya ce, mijin Yaya a kaikaice yake shiga. Muka kwantar da shi ta gefe, ya ƙi. Muka tsayar da shi a kan gindi, ya ƙi. Muka karkata, bangon lungun ya tokare shi ta baya. Gumi ya wanke ni. Mai famfo ya cire tsinken bakinsa ya tambayi Baba, a hankali, ko ya auna ƙofa.

Baba ya auna ɗaki, ya auna kwami, ya auna matarsa daga baya har diddige, amma hanyar da abin zai bi ya shiga ko a ransa. Tela ai mutum yake aunawa, ba ruwansa da ƙofa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga fuskarsa, na rufe. Ina ganin ranar ce ta farko da na taɓa kashe rediyon nan da kaina.

Mai famfo ya ce abin bai ɓaci ba. A mayar a karɓo ƙaramin, wanda muka gani a bakin shagon, shi zai wuce sumul, kuma kafin yamma ya haɗa komai. Baba ya zare tef, ya riƙe wurin da ya yi wa alama da farce, ya daɗe yana kallo. Ƙaramin zai sa Umma ta naɗe gwiwa, gwiwar kuwa ita ce maganar gaba ɗaya.

Ya ce, “Ni ban taɓa ce wa kwastoma ya rame don riga ta shige shi ba. Wuyan ake farkewa.”

Mai famfo ya ce shi fa ba magini ba ne. In aka cire firem aka fasa bulo, ƙofa ba za ta koma ba sai an kira mai gini, siminti kuma ya bushe, ga sallamar Umma ta matso. Baba ya ce ya ji. Ya shiga shago ya ɗauko allin da yake zana yadi da shi da doguwar rula, ya ja layi a bango, miƙaƙƙe kamar zai yanka da almakashi, har ya bar sararinsa na yatsa biyu. Sannan ya miƙo min guduma.

Wallahi na ji daɗin dukan nan. Tun ina yaro ake hana ni ko rubutu a bango, yau ga shi da izinin maigida. Ƙura ta tashi, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya, na ce mata gidan ne ya matse mu muna ƙara masa inci. Kwami ya shige, gefensa ko gogar bango bai yi ba.

Sauran aikin ya ci mu kwana da wuni. Mai famfo ya fasa ƙasa ya ja bututu zuwa magudana, ya ɗora abin auna daidaito a gefen kwamin, yana cusa ɓaraguzan tayil a ƙarƙashi har ƙwayar ruwan cikin abin awon ta tsaya tsakiya. Muka cika shi da ruwa don gwaji, sai ga ɗigo ta mahaɗar ƙasa. Mai famfo ya kwanta rubda-ciki ya sake ɗaurewa, ni ina haska masa da waya ina ba shi labarin da bai tambaya ba. Aka yi ɗan matakala. Da aka zo kafa ƙarfen riƙewa a bango, Baba ya zauna cikin kwamin, ya miƙa tef daidai tsawon hannun Umma, ya yi alama da alli, ya ce nan. Mai famfo ya huda nan ɗin. Bakin ƙofar da ya zama wawakeke kuwa, Baba ya ɗinka masa labule mai kauri, ninki biyu, ya kalmashe ƙasan da kyau.

Ranar sallama Yaya ce ta ɗauko Umma a mota. Aikina shi ne in tabbatar sun biyo ta gida. Na ce wa Yaya ai kayan sawar Umma suna nan, ni kuma ban san wanne da wanne ba. Ta ce dama me na taɓa sani. Suka iso, jakar asibiti na bayan mota, injin ma Yaya ba ta so kashewa ba.

Umma ta shigo tana dogara sanda, Yaya na riƙe da gwiwar hannunta. Suna shiga lungu Yaya ta ga bulo a waje, ga ƙofa jingine da bango, ga buhun ɓaraguzai. Ta fara. Wane ne ya yi wannan aika-aikar, mara lafiya za ta shaƙi ƙura, banɗaki ba ƙofa kamar na tasha, kuma ta san da hannuna a ciki. Umma ta ƙarasa bakin banɗakin. Ta ɗaga labulen da kan sanda, ta tsaya tana kallo.

Sai ta miƙa min sandar. Ta kama ƙarfen bango, hannunta ya faɗa kansa ba ta ko lalube ba. Ta taka matakalar, ta ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ta ɗaga ɗayar, ta zauna ciki da kayanta da ɗankwalinta. Ta jingina, ta miƙe ƙafafu. Diddigenta ya tsaya dab da ƙarshe, da ɗan sarari kaɗan. Ta lumshe ido.

Baba yana can bayanmu a lungu, yana naɗe tef yana warwarewa.

Da Umma ta tashi fita ta sake kama ƙarfen, ta miƙe da kanta. Baba ya matso ya miƙa hannu a makare. Ta riga ta tsaya da ƙafafunta, amma ta kama hannun.

Yaya ta gyara murya ta ce to shi ke nan an gani, a ɗauki kayan a tafi, in an gama gyaran ƙofa sai a sake shawara.

Umma ta ce, “Ke tafi, yaranki sun kusa tasowa daga makaranta. Auta, ɗauko min jakata a mota.”

Ban jira ta maimaita ba. Da na dawo da jakar na tarar Yaya tana shafa gefen kwamin, tana mita wai ko sabulun kirki ba mu ajiye ba, kuma gobe za ta turo mai gini, kada wanda ya sake taɓa bangon nan, musamman ni.

Ruwan zafi ba a haɗa ba tukuna, don haka ni na yi ta jigila daga kicin da babbar tukunya. Baba yana gwada ɗumin da gwiwar hannu, yana cewa ƙara, ya isa, ƙara kaɗan. Umma ta shiga, ta saki labule. Labule kuwa ba shi da sakata. Sai Baba ya jawo kujera ya dasa ta a tsakiyar lungun, ya zauna, ya ba labulen baya, ya harɗe hannu. Na ce Baba, yanzu kai ne ƙofar ke nan? Ya ce eh, kuma a rufe take, in wuce in ba mutane wuri.